Keke ɗaya don atisayen hunturu da zuwa aiki: wanne ya dace da hanyoyin Garwa, Marwa da Ngaundere?

Daga watan Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu ne mai sha'awar doguwar tafiya a kan keke yake samun sarari a arewacin Kamaru, domin ruwa ya ɗauke, laka ta bushe, kuma zafin Maris da Afrilu, wanda yakan haura digiri 40 a Garwa da Marwa, bai kankama ba. A wannan tsakanin ne matasa da magidanta suke fita bayan sallar asuba su murza feda daga Garwa zuwa Pitowa su dawo, ko daga cikin Ngaundere zuwa Dang inda jami'a take, kowanne kimanin kilomita 15 daga gari. Tun da litar fetur ta kai sefa 840 a gidajen mai a watan Fabrairun 2024, ga shi kuma zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bayan fage da ke shigowa daga Najeriya, ya daina araha bayan an janye tallafi a can a 2023, an samu ƙarin masu tunanin jingine mashin su riƙa zuwa wurin aiki a kan keke. Mafi yawansu ba su da halin sayen biyu, na atisaye daban na kai-komo daban, saboda haka keke ɗaya ake so ya ɗauki nauyin duka.

Wanda ya nemi shawara a shafukan Turawa zai tarar ana ta maganar madigadi, da ruwan sama, da gishirin da ake barbaɗa wa titi don narkar da ƙanƙara, wanda ke sa ƙarfe tsatsa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafe mu a hunturu. Abin da ke kashe keke a nan shi ne ƙura, da ƙaya, da ramukan kwalta, sannan abin da ke barazana ga mai shi shi ne hazo da manyan motoci. A ganina, wanda ya fahimci haka zai daina tambayar kilo nawa keken yake, ya fara tambayar irin tayar da yake ɗauka da kuma ko za a samu kayansa a kasuwar garinsu.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma mafi girma, shi ne faɗin tayar da firam ɗin zai iya ɗauka. Kekunan tsere na da an ƙera su ne don taya mai faɗin milimita 23 ko 25, wadda sai an ɗura mata iska ta kai ba 6 zuwa 7 (ba shi ne ma'aunin matsin iska) kafin ta ɗauki mutum. Irin wannan taya idan ta daki bakin rami, rim ɗin yakan matse tub ɗin ya yi masa huda biyu a jere, kuma wani lokaci rim ɗin kansa ya lotsa. Taya mai milimita 32 kuwa tana tafiya da ba 4 zuwa 5, tana shanye girgizar hanya, ba ta nutsewa nan take a cikin rairayin unguwannin Marwa da ke kusa da kogin Mayo Kaliyawo, kuma bambancin gudunta da siririyar a kan kwaltarmu mai kaushi bai kai yadda ake zato ba. Matsalar ita ce ba kowane firam ne ke da wurin saka ta ba. Keken da ke da ƙaramin birkin roba irin na tsere yawanci ba ya wuce milimita 25 ko 28, kuma duk tayar da za a saka dole a bar mata aƙalla milimita 4 tsakaninta da ƙarfe ta kowane gefe. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: a zura alanki mai lamba 4 tsakanin taya da firam, a sama da gefe, gaba da baya, idan ya shige akwai wuri, idan ya maƙale babu.

Ga kuma ƙaya. Da kaka ta wuce tsidau yake bushewa ya zube a gefen kwalta, daidai inda tirela take tilasta wa mai keke ya sauka, ban da ƙayar aduwa da ta bagaruwa da iska da dabbobi ke jawowa kan hanya. Tayar tsere marar kauri ba ta da abin da za ta yi da tsidau. Akwai tayoyin da aka sa wa ɗamara ta kariya a ƙarƙashin roba, irin su Schwalbe Marathon da Continental Gatorskin, kuma kuɗinsu ya fi na sauran, amma su ne kaɗai tsadar da ban taɓa jin wanda ya yi da-na-sanin biya ba. Tsarin tubles, wato taya marar tub mai ruwan toshe huda a ciki, yana maganin ƙananan ƙayoyi sosai, sai dai ruwan yana bushewa da wuri a yanayinmu, kuma ba a sayar da shi a kowane gari.

Na biyu shi ne kaca. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai a jikin kaca, sai ta koma baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe, ta ci kacar, ta ci haƙoran baya, ta ci farantin gaba. Kowane keke zai gamu da wannan, saboda haka abin dubawa shi ne nawa za a kashe wajen sauyawa. Kamfanin Shimano, wanda kayansa suka fi yawa a kekunan da ke iso mana, ya jera kayan tsere hawa-hawa: Claris mai giya 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105 da Ultegra masu 11 ko 12. Duk yadda yawan giyar ya ƙaru, kacar tana ƙara sirancewa, kuɗinta yana ƙaruwa, samunta yana ƙara wuya. Kacar 6 da 7 da 8 kuwa kusan iri ɗaya ce, ana saka wannan a madadin waccan, kuma ita ce a kan dubban kekunan da ke yawo a garuruwanmu. Wannan dalili kaɗai ya isa ya sa mai neman keken kullum ya fifita mai 8 a kan mai 11, ko da an ba shi su a kuɗi ɗaya. Ana gane kacar da ta ƙare da rula: gaɓoɓi 12 cikakku (kowace ta ciki da ta waje a haɗe) na sabuwa suna kai milimita 305, idan suka ƙaru da milimita ɗaya da rabi lokacin sauyawa ya yi, idan kuwa sun ƙaru da 3 to haƙoran ma sun tafi tare da ita.

Na uku shi ne ma'aunin ƙafa, kuma a nan ne mutane da yawa suke asara. A jikin kowace taya akwai lamba biyu da aka raba da ɗan layi, misali 32-622, ta farko faɗi, ta biyu girman rim. Kekunan tsere na yanzu 622 ne, wanda aka fi sani da 700. Kekunan dutse na da 559 ne, wato inci 26. Manyan baƙaƙen kekuna irin su Phoenix 635 ne. Abin da ke ruɗa mai saye shi ne 622 da 635 duka ana rubuta musu inci 28, alhali tayar wannan ba ta hawa rim ɗin wancan ko da za a kwana ana fama. Akwai kuma 630 a kan wasu tsofaffin kekunan Ingila da Amurka, da 584 a kan wasu na Faransa, waɗanda neman tayarsu a arewa wahala ce zalla. Kada a karɓi maganar inci daga bakin mai shago, a duba lambar da ido.

Wanda ya tsaya wurin mai faci a gindin darbejiya ya ga yadda abin yake. Zai zare tub ɗin, ya hura, ya bi shi a hankali cikin kwanon ruwa har kumfa ta taso, ya soka ɗan tsinke a wurin, sannan ya zagaya cikin tayar da babban yatsa har ya ci karo da kan ƙayar ya cire ta da haƙori ko da allura. Idan tayar siririya ce, abin da zai faɗa ba ya wuce: "Malam, facin zan yi maka, amma wannan tayar taka ba 'yar garin nan ba ce. Ranar da ta yage, sai dai ka aika Duwala." Daga nan kuma a zo wajen iska, a tarar bakin famfonsa na babban bawul ne irin na mashin, naka kuwa siriri ne irin na tsere. Ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla da ake ɗaurawa a kan siririn bawul yana kashe wannan matsala, kuma ya kamata ya zauna a aljihu tare da makullin gida.

Na huɗu shi ne abin da aka ƙera firam da shi, domin shi ne ke nuna ko akwai gyara bayan haɗari. Ƙarfe yana lanƙwashewa kafin ya karye, ana miƙe shi, kuma mai walda mai hannu yana iya haɗa shi. Alminiyam ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, amma idan ya tsage yana buƙatar walda ta musamman da gasawa a wuta bayanta, abin da a aikace yake nufin firam ɗin ya gama. Kabon, wato zare mai ƙarfi marar nauyi da aka daskarar da gam, ba ya lanƙwashewa, tsagewa yake yi, wani lokaci ta ciki inda ido ba ya gani.

Na biyar shi ne zama. Keken da ya yi wa mutum girma ko ƙanƙanta ba ya gyaruwa da ɗaga sirdi. A ƙiyasi, mai tsawon mita 1.70 yana hawa firam mai lamba 52 zuwa 54, mai mita 1.80 kuma 56 zuwa 58, amma gwaji ya fi lamba. Sannan a duba ko akwai ƙananan ramukan kusa a kusa da ƙafar baya inda ake ɗaura kariya ta ɗaukar kaya, domin mai zuwa ofis da jaka a gadon baya zai isa da jiƙaƙƙiyar riga ko a cikin Janairu, da zarar hantsi ya dubi ludayi. Sai kuɗi, wanda ya haɗa da na saye, da na sauya abin da ya ƙare, da kuma abin da mutum zai iya jure asararsa idan aka ɗauke keken a ƙofar kasuwa.

Keken tsere na alminiyam

Wannan shi ne abin da yawancin masu zuwa neman keken atisaye suke da shi a zuciya: kai mai lanƙwasa irin ƙahon rago, giya a jikin hannun birki, nauyin kilo 9 zuwa 11. Sabo a Turai irin na masu farawa yakan kama daga Yuro 500 zuwa 1,000, kuma da yake Yuro ɗaya a ƙayyade yake a kan sefa 656 ba kaɗan, wannan ya zama sefa 328,000 zuwa 656,000 tun kafin kuɗin jirgi da na duwan, wato kwastan. A ƙasar da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin kamfani yake sefa 60,000 tun 2023, ba mamaki da kusan kowa gwanjo yake nema, daga cikin waɗanda ake saukewa a Duwala su biyo jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ko waɗanda ke shigowa ta wajen Yola da Mubi.

A kan kwalta mai kyau babu abin da za a ce da shi. Yana amsa ƙafa nan take, yana riƙe gudu, kuma wanda ke son shiga ayarin masu tsere ba zai zama na baya ba saboda keke. Ƙarkonsa ma ba laifi idan firam ɗin lafiyayye ne. Inda yake da rauni shi ne wurin taya, musamman waɗanda aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 2010, da yawansu ba sa wuce milimita 25. Waɗanda aka yi don doguwar tafiya, masu ɗan ɗagaggen kai, sukan ɗauki 28, wasu har 32, kuma tsakanin biyun nan akwai tazara mai yawa ga mai bin hanyar Garwa zuwa Ngong kowace safiya.

Wajen saye, a goge ƙura a duba bakin walda a wuyan keke, da ƙarƙashin inda feda ke juyawa, da bayan wurin, a nemi siririn layi mai kama da gashi. A taɓa gefen rim inda robar birki ke kamawa, idan ya yi kwari to ya kusa fashewa. A gwada hannun giya daga farko har ƙarshe, sama da ƙasa, domin shi ne abu mafi tsada a jikin keken bayan firam da ƙafafu, kuma idan cikinsa ya karye ba kasafai yake gyaruwa ba, ko da yake wanda ya daskare saboda tsohon giris da ƙura yakan farfaɗo idan aka wanke shi. Akwai kuma ɗan kunnen alminiyam da ke riƙe da abin sauya giya na baya, wanda aka yi shi da gangan don ya karye a madadin firam idan keke ya faɗi. Kowane kamfani da irin nasa, saboda haka wanda ya samu mai zuwa Duwala ko Yawunde ya sa a nemo masa na ajiya tun kafin buƙata.

Tsohon keken tsere na ƙarfe

Peugeot, Motobécane da Gitane na shekarun 1970 da 1980 har yanzu suna fitowa a cikin gwanjo, kuma sau da yawa ana raina su saboda tsufa. Ina ganin wannan raini kuskure ne. Nauyinsu kilo 10 zuwa 13 ne, wato bambancinsu da na alminiyam bai wuce goran ruwa ɗaya ko biyu ba, kuma mafi yawansu suna da wurin taya mai milimita 28 ko 32 tare da ramukan kariya. Hannun giyarsu 'yar sanda ce a jikin firam, babu haƙori a cikinta balle ƙura ta cika shi, tana aiki da firiwil mai 5 ko 6 ko 7 ba ruwanta. Duk bakaniken da ya iya Phoenix zai iya kwance boris ɗinsu ya wanke ya sa giris. Ɓarawo ma ba ya yi musu kallo na biyu.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Kekunan Faransa da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1980 suna da zaren kusa da ma'auni irin na Faransa, wanda ya saɓa da na sauran duniya: gindin feda daban, kuma wuyan kai milimita 22.0 ne maimakon 22.2. Muddin kayan asali suna da rai babu damuwa, amma ranar da ɗaya ya mutu sai an nemo wani mataccen keke irinsa an ciro. Masu arahar cikinsu suna zuwa da rim na ƙarfe mai ƙyalli, wanda birki ba ya kamawa idan ya jiƙe, abin da ba zai dami kowa a hunturu ba amma zai iya kashe mutum a Agusta. Giyarsu kuma mai nauyi ce, faranti masu haƙora 52 da 42 a gaba, alhali na zamani 50 da 34 ne. A shimfiɗaɗɗiyar hanyar Marwa zuwa Salak ba za a ji ba, amma mai hawan Mokolo ko tsaunin da ke tsakanin Mbe da Ngaundere gwiwarsa za ta faɗa masa. A duba kuma ko sandar sirdi tana motsi, domin wadda ta shekara talatin ba a taɓa ta ba takan manne da firam har abada.

Keken kabon

Kilo 7 zuwa 8, sabo daga kimanin Yuro 1,500 zuwa abin da ya yi sama, wato kusan sefa miliyan ɗaya a mafi ƙasƙanci. Shi ne irin wanda ake gani a gasar zagayen Kamaru, kuma don irin wannan gasa aka yi shi. Ga aiki biyun da muke magana a kai ban ga hujjar sayensa ba. Kayansa masu 11 ko 12 ne, faɗuwa ɗaya a kan dutse ko ɗaurin igiya a saman motar haya na iya tsaga shi, matse kusa fiye da kima ma haka, kuma na gwanjo ba wanda ya san abin da ya same shi a hannun mai shi na farko. Ba keken da za a jingine a ƙofar ma'aikata daga safe zuwa la'asar ba ne.

Mai ƙahon rago da faffaɗar taya

A cikin shekarun 2010 ne kamfanoni suka yawaita ƙera keken da ke da siffar na tsere amma aka buɗe masa wurin taya har milimita 38 zuwa 45, aka sa masa birkin faifai da ramukan kariya, don hanyoyin tsakuwa da burji. Idan da za a zana keke musamman don arewacin Kamaru, da kusan wannan za a zana. Da taya mai sulɓi ta milimita 32 ko 35 yana bin ayarin atisaye ba tare da jin kunya ba, kuma idan kwalta ta ƙare ko tirela ta kore ka gefe, ba sai ka sauka ka tura ba. Nauyin na alminiyam kilo 10 zuwa 12 ne. Sabo yana farawa daga wajen Yuro 700 zuwa 1,500, kuma da yake sabon yayi ne, bai cika fitowa a gwanjo ba, wanda ya fito kuma mai shi ya san abin da ya riƙe.

Abin lura a nan shi ne birki. Birkin faifai iri biyu ne, mai waya da mai ruwa. Mai ruwa ya fi kamawa, amma gyaransa yana buƙatar kayan aiki da sani, kuma na Shimano man ma'adinai yake sha, ba ruwan birkin mota ba. Bakaniken da ya saba da mashin idan ya ɗura masa ruwan mota da kyakkyawar niyya, robobin ciki za su kumbura, birkin ya mutu gaba ɗaya. Mai waya ba shi da wannan haɗari, wayarsa irin ta kowane keke ce. Kowanne daga ciki aka samu, a kiyaye kada mai ya taɓa faifan, kuma a tanadi takalman birkin na ajiya, domin su ma kowane iri da siffarsa.

Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, akwai 'yan'uwan wannan keke da suka girme shi kuma suka fi shi araha: kekunan yawon nisa na da masu ɗaukar milimita 32 zuwa 35, da kuma masu miƙaƙƙen kai da ƙafa 622 da Turawa ke zuwa aiki da su, waɗanda suke da yawa a cikin gwanjo. Na ƙarshen nan suna da faɗin taya da kariya da giya mai 7 ko 8, abin da suka rasa shi ne kan da zai ba mutum damar sunkuyawa idan iskar arewa maso gabas ta tare shi a fili.

Keken dutse da aka sauya wa taya

Shi ne ya fi kowanne araha da sauƙin kaya, domin taya da tub na inci 26 babu kasuwar da ba su kai ba. Wanda ya samu na ƙarfe irin na shekarun 1990, marar sifirin ko ɗaya, ya cire masa taya mai ƙuraje ya sa mai sulɓi ta inci ɗaya da rabi, ya samu keken zuwa aiki da zai daɗe ana mora. Zuciya da huhu kuma ba su san irin keken da ake hawa ba, awa guda ta haki awa guda ce. Amma a cikin ayari zai riƙa baya, giyarsa tana ƙarewa da wuri a gangara, kuma wurin riƙo ɗaya tak yana sa hannu mutuwa bayan awa biyu. Sababbin nan masu ƙyalli da sifirin gaba da baya da ake sayarwa da araha kuwa, a nisance su: suna da nauyi, sifirin ɗin yana shanye ƙarfin ƙafa, kuma ƙura tana kashe shi cikin ɗan lokaci. Araha ba ta ado.

Phoenix da Hero da danginsu masu giya ɗaya da nauyin kusan kilo 20, don ɗaukar buhu da jarka aka yi su, kuma a wannan fage babu na biyunsu, amma ba sa cikin wannan lissafi.

| Irin keke | Kuɗi | Nauyi | Faɗin taya | Samun kayan gyara | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tsere, alminiyam | Matsakaici zuwa sama | Kilo 9 zuwa 11 | Milimita 25 zuwa 32 | Mai 8 da sauƙi, mai 10 zuwa sama da wuya | Tsagewar firam, mutuwar hannun giya |
| Tsere, tsohon ƙarfe | Ƙasa | Kilo 10 zuwa 13 | Milimita 28 zuwa 32 | Da sauƙi, ban da zaren Faransa | Rim na ƙarfe, giya mai nauyi |
| Kabon | Sama ƙwarai | Kilo 7 zuwa 8 | Milimita 25 zuwa 32 | Sai an aika nesa | Ɓoyayyiyar tsaga, sata |
| Ƙahon rago, faffaɗar taya | Sama | Kilo 10 zuwa 12 | Milimita 32 zuwa 45 | Matsakaici | Birkin ruwa, ƙarancinsa a gwanjo |
| Keken dutse, taya mai sulɓi | Ƙasa | Kilo 12 zuwa 15 | Inci 1.5 zuwa 2 | Ko'ina | Rashin gudu, gajiyar hannu |

Abin da za a ware wa kuɗi ko wanne aka zaɓa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba duk abin da ke hannu a kan keken, a rasa na fitila. A Disamba da Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe shida da rabi, saboda haka wanda ya fita bayan asuba zai yi kusan awa guda kafin gari ya waye sosai, kuma a ranar da hazo ya sauka ko bayan wayewar ba a hangen nesa. Lokacin ne kuma motocin auduga suke jigila zuwa masana'antun Sodecoton, ga tirelolin da ke bin babbar hanya zuwa Kuseri da Njamena. Jar fitila mai ƙyaftawa a baya, farar fitila a gaba, riga mai haske da hular kwano, waɗannan sun fi duk wani kilo da za a rage wa keke muhimmanci. Sai ƙaramin famfo, tub biyu, kayan faci, makulli mai ƙarfi, da ƙyallen rufe hanci. Ranar da ƙura ta yi kauri har ana jin ta a haƙori, gara a haƙura da atisaye mai tsanani, musamman ga mai asma. Kacar kuwa kada a shafa mata baƙin mai kamar yadda aka saba. A goge ta da tsumma bayan kowace doguwar fita, a ɗiga mata mai marar kauri gaɓa-gaɓa, a bar shi ya shiga, sannan a goge na waje tas har ta yi kamar ba a sa ba.

Wanne ga wa

Ma'aikacin da ke zaune a Garwa, hanyarsa kwalta ce daga gida zuwa ofis, kuma yana son fita da ayari ranar Asabar da Lahadi, keken alminiyam na doguwar tafiya mai giya 8 ko 9 ya ishe shi, da sharaɗin alanki ya shige bayan an sa taya mai milimita 28. Idan bai shige ba, ya bar shi ga wani komai kyansa.

Mazaunin Marwa da sai ya keta rairayi kafin ya hau kwalta, ko malamin makarantar da rabin hanyarsa burji ce, faɗin taya ne zai fara nema. Idan da hali, mai ƙahon rago da faffaɗar taya da birkin waya. Idan babu, mai miƙaƙƙen kai da ƙafa 622, ko keken dutse na ƙarfe.

Mutumin Ngaundere yana da lissafi na daban, domin garin yana bisa tudu mai tsayin fiye da mita 1,000, sanyin safiyarsa ya fi na Garwa nesa, hanyoyinsa hawa da gangara ne, kuma damunarsa tana farawa tun Afrilu ta kai Oktoba. Shi kam yana buƙatar giya mai sauƙi, faranti 34 a gaba da haƙori 30 ko 32 a baya, da rim na alminiyam ko birkin faifai, da wurin ɗaura madigadi idan ruwa ya dawo. Tsohon Peugeot mai rim na ƙarfe ba nasa ba ne sai ya sauya ƙafafun.

Ɗalibin da ke kai-komo tsakanin gari da jami'a, wanda zai bar kekensa a waje yini guda kuma aljihunsa bai da zurfi, ya nemi tsohon ƙarfe mai lamba 622 ko keken dutse marar sifirin, ya sa abin da ya rage a taya mai ɗamara da makulli.

Wanda kuwa ya riga ya shiga tsere da gaske, yana da lasisi kuma yana da keken kabon, kada ya ƙarar da kacarsa mai 11 a cikin ƙurar Janairu. Ya rataye shi a ɗaki sai ranar gasa, ya sayi tsohon ƙarfe ko alminiyam mai giya 8, ya auna tsayin sirdi da nisan kai da tef ya daidaita su da na babban keken, ya yi atisayensa da zuwa aikinsa a kansa.